Tashar kumbo ta Amurka: me ya sa suka tura wa ginin ƙasa har wuya?

Maginin Rigasa:
Assalamu alaikum jama'a. Ni magini ne, ina ɗan karɓar aikin gidaje tsakanin Rigasa da Kinkinau. Yarona ne ya nuna mini hoton wani gini a waya, wai Spaceport America, tashar da masu kuɗi ke hawa kumbo su leƙa sararin samaniya su dawo. Na ƙara girman hoton na yi ta dubawa. Babu kusurwa ko ɗaya, rufin ya kwanta ya lanƙwashe, ta ɓangare guda kuma an tara masa ƙasa har ba ka gane inda tudu ya ƙare bango ya fara. Ɗaya gefen gilashi ne zalla. Mu nan in ƙasa ta jingina da bango, damina ɗaya sanyi ya hau shi, fenti ya kumbura. To su da suka fi mu kayan aiki, me suka gani? Ado ne kawai, ko akwai dalili?

'Yar Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Baba. Akwai dalili. Wurin yana cikin hamadar jihar New Mexico ne, ruwan sama kaɗan ne, don haka damuwarsu ba danshi ba ce, zafin rana ne da sanyin dare. Kamfanin Foster + Partners na Ingila ne ya zana shi tare da kamfanin injiniyoyi na URS, suka ci gasar a 2007, aka ƙaddamar da ginin a 2011. Ƙasar da ka gani ita ke tare zafi. Sun kuma binne manyan bututu a cikinta, iska ta bi ta nan ta huce kafin ta shiga ciki, sai na'urar sanyaya ɗaki ta samu sauƙin aiki. Hasken rana yana sauka ta tagogin sama. Gilashin nan kuwa gabas yake kallo, wajen titin jirgi, don mai jira ya ga tashi da sauka. Ta yamma ake shiga, ta wani lungu mai zurfi da aka yanka cikin tudun. Ka san yadda soron ƙasa mai kaurin bango yake da tsakar rana a watan Afrilu? To dabarar ke nan, sun dai sa mata ƙarfe da kankare.

Maginin Rigasa:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan na gane shi sarai. Gidan kakanmu a Zariya tubali ne da azara, ko fanka ba mu nema. Yanzu kowa bulo inci shida yake so da kwano mai ƙyalli, in na ce a ƙara kauri ko a ɗaga rufi sai mai gida ya ɗauka siminti nake son ci. Amma titin jirgi kuma na mene ne? Na zaci kumbo a tsaye yake tashi.

Tsohon Makaniken Jirgi:
Malam, kumbon Virgin Galactic, kamfanin da ke amfani da tashar, ba a tsaye yake tashi ba. Wani babban jirgi ne ke ɗaukarsa a ƙarƙashin fiffike, ya hau da shi kamar kilomita 14 ko 15, ya sake shi, sannan ya kunna roka ya wuce kilomita 80. Dawowa ba inji, shawagi yake yi a iska har ya sauka. Shi ya sa titin ya kai ƙafa 12,000. Kuma ba kyan wurin ya ja su ba: yana maƙwabtaka da filin gwajin makamai na White Sands, inda aka hana jiragen fasinja ratsawa, ga sama garau kusan kullum.

Ɗan Kasuwar Barci:
Ku dai kuna ta yabon gini. Sama da dala miliyan 200 aka kashe, kuɗin jiha ne, har ƙarin haraji aka ɗora wa mutanen yankin. An gama gini a 2011, shi kansa Richard Branson, wanda ya kafa Virgin Galactic, bai tashi daga nan ba sai Yulin 2021. Fasinjan kuɗi sai 2023, zuwa Yunin 2024 an ajiye kumbon ana jiran sabo. A 2021 tikiti ya kai dala 450,000. An gina rumfa, kaya ba su iso ba.

'Yar Unguwar Rimi:
Gaskiyarka Yaya, batun kuɗin ba shi da kariya. Amma laifin mai zane ne in kumbo ya makara? Baba kan gini ya tambaya.

Maginin Rigasa:
Ku bar musu, kowa da gaskiyarsa. Ni bututun nan ne ya tsaya mini a rai. Akwai wani aiki da zan fara a Mando bayan damina, filin yana da ɗan tudu. In na binne bututu don iska, tsorona ruwan Agusta ya cika shi, ko ya zama gidan sauro da gara. 'Yata, zurfin nawa ya kamata, kuma ta ina zan ba shi gangara ruwan ya fita?