Sata ce ko ba sata ba? Cacar baki kan manhajar masu kallon talabijin

Mai Manhaja: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Da yawanku kun san manhajar da muka gina ni da abokan aikina: kana kallon shiri a talabijin, ka buɗe waya, ka faɗa ɗakin hira da sauran masu kallon shirin a daidai lokacin, a yi sharhi, a kaɗa ƙuri'a, a yi hasashen abin da zai biyo baya. Mun zauna da wata tasha, ba zan kama suna ba, muka baje musu komai, har yadda sakamakon ƙuri'a zai riƙa gudu a ƙasan allo. Suka ce za su neme mu. Shiru kake ji. Jiya da daddare na kunna, sai ga ƙuri'ar masu kallo a ƙasan allonsu, ta shafinsu suka yi abinsu. Wannan sata ce tsagwaronta. Abin da nake so mu tattauna shi ne: irin waɗannan manhajoji ba rashin masu so ke kashe su ba, tashoshi ne ke kashe su da ƙin ba da haɗin kai. Mai ja ya fito.

Ɗan Auta: Wallahi Yaya an cuce ka. Mu da muka ga wahalar da ka sha mu muka sani. Allah ya isa.

Lauya: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, amma ka janye kalmar sata. Doka ba ta ba kowa mallakar dabara. Abin da take karewa shi ne rubutun manhajar da ka yi, da zanenta, da tambarinka. Sun kwafi rubutun? Kun sa hannu kan yarjejeniyar rufe sirri kafin zaman? In amsar a'a ce duka biyun, babu kotun da za ta kira wannan sata.

Ɗan Auta: Wa ya yi maganar kotu? Mutum ya zo maka da abinsa, ka kalla, ka sallame shi, ka je ka yi. Ko yaro ka tambaya zai ce maka sata ce.

Lauya: To ai shi ya sa ba yaro ake tambaya ba.

Tsohon Ɗan Tasha: Ni na yi aiki a ɗakin sarrafa shirye-shirye shekara da shekaru. Tun farkon shekarun 2000 ake kaɗa ƙuri'a ta saƙon tes a shirye-shiryen gasa, ana ɗora sakamako a ƙasan allo, lokacin wayar shafa ma ba ta zo hannun mutane ba. Me aka sata a nan? Kusan kullum sai wani matashi ya shigo da kwamfuta a hammata yana cewa ya zo da abin da ba a taɓa gani ba, kuma duk abu ɗaya suke kawowa.

Mai Manhaja: Yallaɓai, na san dole ka kare tsohon gidanka. Amma me ya hana su yi sai bayan zamanmu?

Tsohon Ɗan Tasha: Ka san tsawon lokacin da tasha ke ɗauka kafin ta canza ko da launin rubutun ƙasan allo? Abin da ka gani jiya wataƙila tun bara yake kan teburin wani.

Mai Lissafi: "Wataƙila." Haka kowa ke kawo hujja a nan.

Baba Injiniya: Ku bar ni in koma kan ainihin abin da ya ce, wato tashoshi ne ke kashe manhajojin nan. Ƙanena, an yi wannan gwajin tun kafin ka fara, kuma da kuɗi masu nauyi. Tsakanin 2010 da 2013 masu zuba jari a Amurka da Ingila sun yi ta rububin manhajar "allo na biyu", wato irin taka, wadda ake buɗewa a waya yayin da ake kallon talabijin. GetGlue ta sa mutane suna danna cewa ga shirin da suke kallo, tana ba su sitika, har ta gidan waya take aika musu. An sayar da ita, aka canza mata suna zuwa tvtag a 2014, a ƙarshen shekarar aka sanar da rufe ta. IntoNow tana sauraron sautin talabijin ta gane shirin da kanta. Yahoo ya saye ta a 2011, wata uku kacal da fitowarta, ya rufe ta a 2014. Amma wadda ta fi shafar maganarka ita ce Zeebox. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Anthony Rose, shi ne ya jagoranci aikin iPlayer, manhajar kallon shirye-shirye ta intanet, a BBC, kenan ɗan gida ne. Sky, kamfanin talabijin na Ingila, ta sayi kashi 10 cikin 100 na kamfanin a farkon 2012, Comcast da NBCUniversal, manyan kamfanonin talabijin na Amurka, suka shigo daga baya. Haɗin kan tasha da ya wuce wannan babu. Ina ta ƙare? Ta koma Beamly a 2014, a 2015 Coty, kamfanin turare da kayan kwalliya, ya saye ta don harkar tallarsa. Tashoshi sun rungume ta, ba ta tsira ba. Dalili kuwa a fili yake: hirar da kake son tarawa tana can inda abokan mutum suke tun asali. Ba wanda zai bar inda ake jin maganarsa ya koma ɗakin da babu kowa sai baƙi.

Ɗan Auta: Baba duk wannan tarihi ne. Tambayar ita ce sata aka yi ko ba a yi ba.

Baba Injiniya: Ba ita ce tambayar ba, ɗana. Koma sama ka karanta.

Lauya: A ce cin amana, zan saurara. A ce rashin kara, na yarda. Sata kuwa tana da ma'ana: ka ɗauke wa mutum abu ya rasa shi. Manhajarsa tana nan a hannunsa.

Mai Manhaja: Kasuwar da zan shiga fa? Ita ma tana nan a hannuna?

Lauya: Kasuwar da ba ka shiga ba ba taka ba ce tukuna.

Ɗan Auta: Lauyoyi kenan. Da za a biya ka, yanzu za ka juya ka ce fashi ne ma.

Lauya: Shugaba, ka ja wa yaron nan kunne.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri da juna. Ɗan Auta, sassauta. Amma Barista, kai ma ka san zafin abin.

Hajiya Mai Talla: Ni dai tambaya ɗaya gare ni, kuma ba ta sata ba ce. Ƙanena, wa zai biya ka? Na shekara ina saya wa kamfanoni filin talla. In ka zo min da manhajar da ke cika awa ɗaya da daddare, ta wuni fayau sauran awa 23, me zan saya? Kuma a awa ɗayar ma idon mutum rabi yana kan allo, rabi kan waya. Viggle ta gwada biyan mutane don su kalla, ta fito a 2012, kana kallo kana tara maki, ka canza su da katin sayayya. Mutane suka zo, amma makin suka zo ɗiba, ba hira ba. Kuɗi na fita ta ƙofa, talla ba ta cike gurbin ba. Har ta yi shelar sayen GetGlue, cinikin ya wargaje a farkon 2013. A wannan shekarar Twitter ya sayi Bluefin Labs, masu auna hirar da ake yi kan shirye-shirye, Nielsen, kamfanin auna yawan masu kallo, kuma ya fara fitar da ma'aunin kallo da aka gina kan saƙonnin Twitter. Daga nan mai talla ya san inda zai kai kuɗinsa. Tasha ta rubuta maudu'i ɗaya a kusurwar allo, masu kallo su je Twitter su yi hirarsu a kansa, kyauta, an gama.

Mai Manhaja: Hajiya, mu ba talla kaɗai muka dogara da ita ba. Akwai bayanan masu kallo da za mu sayar wa tashoshi.

Hajiya Mai Talla: Tashoshin da ka kira ɓarayi a bainar jama'a?

Mai Lissafi: Hajiya ta gama magana. Ni kuma tun ɗazu nake jira a faɗa mana mutum nawa ke dawowa manhajar bayan mako guda da saukewa. Ba adadin waɗanda suka sauke ba, wannan kowa na iya tara shi da talla. Masu dawowa.

Mai Manhaja: Wannan sirrin kamfani ne.

Mai Lissafi: Ga tasha ka baje komai ba takarda, mu ne za ka yi wa sirri.

Ɗan Auta: Hassada ce kawai. Kai me ka taɓa ginawa? HQ Trivia fa, manhajar gasar kacici-kacici ta kai tsaye? Ta tara sama da mutum miliyan 2 a lokaci guda a 2018. Ku ce ita ma ba a so.

Baba Injiniya: Madalla da ka kawo ta, don tana gefena. HQ ba ta raɓu da shirin kowa ba, shirinta ta yi, da mai gabatarwarta, da kyautar kuɗinta. Ita ce tashar, ita ce manhajar. Duk da haka a Fabrairun 2020 kamfanin ya sallami ma'aikata ya rufe. Kuma tunda an zo nan, akwai abin da masu gina irin wannan ba sa faɗa. Kowa yana shigowa ne a minti ɗaya, lokacin da shiri ya fara ko aka ci ƙwallo, saboda haka dole ka tanadi saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, mai ɗaukar cunkoson wannan mintin. Sannan mai eriya, da mai tauraron ɗan Adam, da mai kallo ta intanet ba lokaci ɗaya hoto ke isa gare su ba. Na intanet kan makara da daƙiƙoƙi masu yawa. Sai ya ga ɗakin hira ya kaure da ihun an ci, shi kuwa a allonsa ko bugun kusurwar ba a yi ba. Sau biyu za ka yi masa haka ya goge manhajar.

Mai Manhaja: Mun magance wannan. Muna jinkirta saƙonni gwargwadon inda mutum yake kallo.

Baba Injiniya: To ka raba ɗakin gida uku kenan, kuma dama mutanen ba su cika ɗaya ba.

Tsohon Ɗan Tasha: Kuma wa ma ke jiran ƙarfe takwas yanzu? Tun da Netflix ya fara sakin zango guda a rana ɗaya wajajen 2013, kowa da lokacinsa. In ka cire ƙwallo da labarai da gasar kai tsaye, babu abin da ake kallo tare.

Hajiya Mai Talla: A nan kam ban bi ka ba. A 2020 da aka kulle mutane a gida, kowa ya koma neman kallo tare daga nesa. Amazon da Disney duk sun saka wannan a manhajojinsu.

Tsohon Ɗan Tasha: Suka kuma cire daga baya, su biyun.

Hajiya Mai Talla: Cirewa daban, rashin so daban. Ku mutanen tasha kun saba yanke wa masu kallo hukunci daga ofis.

Tsohon Ɗan Tasha: Ku kuma masu talla ku ne kuka cika shiri da tallan da ya sa mutane suka ɗauki waya tun farko.

Hajiya Mai Talla: Da kuɗin tallan aka biya ka albashi, Malam.

Lauya: Ina nan ina jira a janye kalmar nan. In tashar ta gane kanta a rubutun nan, ɓata suna ne, kuma wanda ya yaɗa ma bai tsira ba.

Ɗan Auta: Ka ji ko? Yanzu kuma barazana. Yaya kar ka janye komai.

Mai Manhaja: Ban kama suna ba, ba kuma zan janye ba. A kira shi aro in an ga dama, aron da ba a tambaya ba kuma ba a mayarwa.

Mai Lissafi: Kafin Shugaba ya rufe, don na ga alamar yana shirin yi, ya kamata ya gaya wa jama'a ko yana da hannun jari a kamfanin nan.

Shugaban Zaure: Wannan ba ya cikin abin da ake tattaunawa.

Mai Lissafi: Na gode, ka amsa.

Baba Injiniya: Ƙanena, in kana son shawara ka same ni ta gefe. Akwai hanyar da za ka mayar da abin kayan aikin da tashoshi za su haya su sa a shafinsu, maimakon ka jira jama'a su sauke sabuwar manhaja. Nan ba a jin kira.

Ɗan Auta: Wato ya koma yi wa ɓarayin aiki.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Kusan kowa ya amince an zalunci ɗan'uwanmu, saɓanin kawai a kan sunan da za a ba abin ne, kuma shi kansa Barista ya yarda da cin amana, wadda in an duba ta fi sata muni. Baba Injiniya ya kawo tarihi mai amfani da ke nuna manyan kamfanoni irin su Yahoo da Sky sun zuba kuɗi a wannan fanni, alamar cewa fannin yana da daraja. Hajiya ta tabbatar mana mutane na son kallo tare. Maganar adadin masu dawowa da ta hannun jari ba su da alaƙa da maudu'in, na share su daga taƙaitawar. Duk wanda bai sauke manhajar ba ya sauke yau, ya ba ta tauraro biyar. Na rufe sharhi.