Tirelar kwana ta hannu: wa ya taɓa saya?

Mai tambaya, daga Dallas: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman tirelar kwana ta hannu, ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota (ba tirelar simintin Ɗangote ba, kafin wani ya fara tsokana). Yara sun matsa sai mun je gandun dajin Yellowstone na nan Amurka a hutun bana. Na ga wata ƙirar 2016 a Facebook Marketplace, tsaf a hoto. Wanda ya taɓa saya ya faɗa mini abin da ya gani.

Daga Houston: Wa alaikumus salam. Malam, hoto ba ya wari. Ranar da na je ganin tawa, mai ita ya fesa turare ko'ina, har na ce mutumin nan akwai tsafta. Ashe warin danshi yake rufewa. Rufin na yoyo ta gefen tagar saman banɗaki, ruwa ya bi cikin bango ya ruɓar da katakon ƙasa. Bayan wata biyu na taka gaban gado, ƙafata ta lotsa kamar na taka burodi. Gyaran ya ci kusan rabin kuɗin saye. In ka je, cire takalmi ka tattake kowane lungu, ka buɗe kabad ɗin sama ka shinshina, ka hau rufin ka duba gam ɗin. Bangon waje in ya kumbura, juya kawai.

Daga Minneapolis: Mu sanyi ne ya cuce mu. Ba a zubar da ruwan bututu ba kafin hunturu, ya daskare ya fasa su. Da maigida ya jona ruwa, sai ga tafki ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ka sa a kunna firij tun daren jajibiri, irin mai gas ɗin nan yana daɗewa kafin ya yi sanyi.

Daga Columbus: Hajiya, ai gara naku. Ni tayata ta fashe a kan babban titin I-70, alhali zanenta bai ko suɗe ba. Tsufa ne. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a jikin taya: 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2018. Kuma kar ka yarda da nauyin da mai sayarwa zai faɗa, na tirela wayam ne. Duba GVWR, wato iyakar nauyin tirelar da kayanta a ciki, don kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin a kan bayan motarka zai sauka, ga iyali ga buhun shinkafa.

Daga Houston: Takardar mallaka fa! Lambar VIN, wato lambar shaidar abin hawa da ke kan takardar, ta zo ɗaya da ta jikin tirelar, kuma ka tabbata banki ba ya bin ta bashi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. An ce za a yi ruwa ranar Juma'a, na ce wa mutumin zan zo Asabar da sassafe. Ya ce wai Laraba ta fi masa.