Wai mi ya rage muna daga fataucin zinari da gishiri na Sahara?

Ɗan Jega: Salamu alaikum jama'a. Jiya a kasuwa na iske wani dattijo yana tayin gishirin balma don shanunai, mai kayan ya ce daga Bilma anka ɗauko shi ta Agadas. Sai na tuna tarihin da munka yi a sakandare, Mansa Musa da hajjinai na 1324 da ya yi ta rabon zinari har darajarsa ta faɗi a Masar. To mu nan Kabi mi munka samu a cinikin nan, ko dai labarin Mali ne kawai muke haddacewa don jarrabawa?

Malamin firamare, Argungu: Wa alaikumus salam. Zinarin dai ba namu ba ne, daga Bambuk da Bure yake fitowa, wajen Mali da Gini na yanzu, gishiri kuma daga Tagaza, daga baya Taudeni, can cikin Sahara. Mu muna gefen hanya. Amma ai Kanta, sarkin Kabi da ya gina birnin Surame, cikin rundunar Askiya na Songhai ya fito kafin ya ɓalle, kuma ita Songhai ɗin kwaɗayin zinari da gishirin nan ne ya sa Maroko ta auka mata a 1591. Abin da ya rage kam yana bakinka ɗan uwa, kalmar zinari kanta daga dinari take. Ga Wangarawa, fataken Mali, su sunka kai musulunci fadar Kano zamanin Sarki Yaji. Duk garin da ka je ka ji unguwar Zango, daga nan har Gana, sawun fatake ne.

'Yar Kamba: Malam ka manta da gishirin Foga fa! Nan kusa da mu yake, tsallaken iyaka wajen Gaya, kakata har ta rasu ba ta yarda da na leda ba, wai ba shi da ɗanɗano a miya, mu kuwa yara muna ta ƙyamar launin nan nasa kamar ƙasa.

Bazamfare: Ni zancen zinari ba ya ba ni sha'awa wallahi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, don a cikin gida ake niƙa dutsen zinarin, a 2019 gwamnati ta hana haƙa saboda 'yan bindiga. A da raƙumi ke fita da zinari, yanzu sai ka ji Dubai, mai haƙa kuma yana nan da silifas ɗinai.

Ɗan Jega: Allah shi jiƙan yaran nan. Malam, goron Gwanja fa, shi ma cikin lissafin yake?

Malamin firamare, Argungu: Ƙwarai kuwa, a da ayari kan tafi Salaga, kasuwar Gwanja a Gana ta yanzu, da kanwa da tufafi ya dawo da goro, wasu ta Yawuri suke haye Kwara. Tambayi tsofaffin Jega, sun fi ni sani.