Haɗa sakamakon tambayoyi a rumbun bayanai: me kuka ci karo da shi?

Ɗan Kantin Magani: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina kula da rumbun bayanan wani kantin magani mai rassa biyu, kowane reshe da teburin cinikinsa, kuma ana so in riƙa fitar da rahoto guda duk ƙarshen wata. Ina roƙon waɗanda suka taɓa haɗa sakamakon tambayoyi da UNION, wato umarnin SQL (harshen tambayar rumbun bayanai) da ke haɗa layukan tambayoyi biyu cikin jeri guda, su faɗa mana abin da suka gani.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi hattara da UNION idan lissafin kuɗi ne, domin yana share duk layin da ya maimaitu ba tare da ya sanar da kai ba. A inda nake aiki, jimillar rahoto ta riƙa gaza kuɗin da ke cikin akwati, sai muka gano cewa idan mutum biyu suka sayi kaya iri ɗaya a rana ɗaya kan farashi ɗaya, rumbun yana ɗaukarsu ciniki guda, tunda ba a sanya lambar rasit cikin tambayar ba. Da muka koma UNION ALL, wanda ke barin duk layuka har da waɗanda suka maimaitu, lissafi ya daidaita, kuma rahoton ya fi saurin fitowa, saboda rumbun ya daina wahalar neman maimaici. A ganina, UNION ALL ne ya kamata ya zama na yau da kullum.

Malama Mai Koyarwa: Gaskiya ne, Malam. Abin da ya fi kama ɗalibaina shi ne jerin ginshiƙai, domin rumbun yana haɗa su bisa matsayinsu ne, ba bisa sunansu ba. Na ga rahoton da lambar waya ta faɗa ƙarƙashin suna, kuma babu kuskuren da ya bayyana tunda dukansu rubutu ne. Ka kuma ƙara ginshiƙin da zai nuna reshen da kowane layi ya fito.

Injiniya: Ni bukatata ita ce gano magungunan da ke reshe ɗaya amma babu su a ɗayan. Cikin manhajojin rumbun bayanai, PostgreSQL yana da umarnin EXCEPT don wannan aikin, Oracle ya daɗe yana amfani da MINUS, amma MySQL bai samu EXCEPT da INTERSECT (mai fitar da layukan da ke ɓangarorin biyu) ba sai a sigar 8.0.31 ta shekarar 2022. A tsohuwar sabarmu LEFT JOIN nake yi, wato in daidaita teburin reshe ɗaya da na ɗayan, in tace layukan da suka dawo da NULL, alamar ba a samu takwaransu a ɗayan reshen ba. Wace siga ce a kantinku?