Kunamata ta daina cin abinci, ta toshe bakin raminta, me ke damunta?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka. Ina da baƙar kunama, irin manyan nan da muke ce wa duwu. Daga Ondo na taho da ita a watan Yuni da na gama bautar ƙasa. Wani manomi ne ya tono ta a gonar koko zai kashe, na roƙe shi ya bar mini. Tana cikin akwatin gilashi a ɗakina a nan Zariya, na zuba mata ƙasa, na kifa mata fasasshen kasko, ga murfin kwalba da ruwa.

Da can duk sati takan ci gyare biyu ko kyankyaso. Da hannuwanta take cafke shi ta murƙushe, ban taɓa ganin ta harbi abin da za ta ci ba. To tun da hunturu ya shigo ta canja. Sati uku ke nan ba ta ci komai ba, har gyare ya bi ta kanta ba ta kula shi ba. Ta yi ƙiba sosai, farar fata ta bayyana a gefen cikinta. Kwana biyu na same ta kwance cikin murfin ruwa, daga nan ta kwana tana tono, shekaranjiya kuma ta toshe bakin ramin da ƙasa. Kullum da dare ina haska ta da tocilar nan ta duba jabun kuɗi, don jikinta yana yin haske tsanwa-tsanwa, yanzu ko ganinta ba na yi. Mutuwa za ta yi? In tono ta in duba?

Maman Ihsan:
Innalillahi! Kunama a ɗakin kwana? Ƙanena, duk tantabaru da zomaye da ke garin nan ba su ishe ka ba? Mahaifiyarka ta sani kuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Ta sani, Yaya. Tun ranar ba ta sake leƙa ɗakin ba, a bakin ƙofa ake ajiye mini abinci.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Da farko kada ka tono ta. Ni abin da ya fi kama da shi a wurina saɓa ce. Kunama ba ta girma sai ta tuɓe tsohon ɓawonta, kuma kafin ta yi takan ƙi abinci, ta kumbura, ta ɓuya. Bayan ta fito jikinta taushi gare shi kamar danƙo, gyare ɗaya ma zai iya ji mata rauni. Saboda haka fitar da duk wani ƙwaro mai rai da ke ciki yau ɗin nan.

Kwanciya cikin ruwa kuwa ƙorafi take yi maka. Wannan kunamar dajin kurmi ce, masana suna kiranta Pandinus imperator, ta saba da laima kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari da ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30. Ka kawo ta Zariya cikin hunturu, inda leɓen mutum ma tsagewa yake. Zuba ruwa kaɗan-kaɗan a kusurwa ɗaya ta akwatin har ƙasar ta yi danshi, ba caɓi ba. Gwajin shi ne ka dunƙula ta a hannu ta haɗe amma ruwa bai ɗiga ba. Rufe fiye da rabin saman, ka bar hanyar iska. Ka ɗauke akwatin daga jikin taga saboda sanyin asuba.

Tocilar nan ma ka rage. Hasken daga ɓawonta yake fitowa, abin sha'awa ne, amma ita damunta yake yi.

Alhaji na Kumasi:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ina da ja a kan saɓa. Yaro, faɗa mini abu biyu: tsawonta nawa, kuma wane launi ne ƙullutun da ƙarin yake jiki a ƙarshen wutsiya?

Ɗan Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, na taɓa auna ta ta jikin gilashi, ta kai santimita 16. Ƙullutun ja ne mai duhu, kamar goro.

Alhaji na Kumasi:
To ka gani. A wannan irin, ƙaramar kunama ƙullutunta fari-fari ne, sai ta girma yake yin ja. Taka ta gama girma, wadda ta gama girma kuma ta gama saɓa har abada. Ni dai in za a tambaye ni, ciki gare ta. Kunama ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kuma wannan tana iya ɗaukar ciki wata bakwai zuwa tara, wani lokaci fiye. Da cikinta aka tono ta a gonar kokon nan.

A nan Gana mun san ta sosai. Daga nan da Togo da Benin aka yi ta kwasarta ana kaiwa Turai da Amurka ga masu kiwo, har sai da aka saka ta cikin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, a 1995, yanzu ba a ƙetare iyaka da ita sai da takarda. Da yawa daga cikin matan da ake kamowa daga daji haka suke zuwa da ciki, mai saye bai sani ba, ya wayi gari ya ga iyali.

Ka bi abin da Malam ya ce game da danshi, shawarar ɗaya ce ko saɓa ko ciki. Abin da zan ƙara: daina ɗaga kaskon, daina buga gilashi. Da 'yan gashin jikinta da wani abu kamar mataji da ke ƙarƙashin cikinta take jin duk motsin ƙasa, idanunta ba su da wani ƙarfi. Uwar da aka takura wa tana iya cinye 'ya'yanta.

Malamin Bayoloji:
Na karɓi gyara, Alhaji. Girmanta ne ban tambaya ba.

Ɗan Agadas:
Ni tsorona masu karatu ne, kada wani ya ga wannan ya je ya ɗauko ta bayan gidansu. Duwu hannuwansa manya ne, dafinsa kaɗan, harbinsa ga yawancin mutane bai wuce na zuma ba, sai dai mai jikin da ba ya jituwa da dafi. Tamu ta nan arewacin Nijar, rawaya mai siraran hannuwa, ko mai kaurin wutsiya, tana kashe yara, musamman lokacin zafi. Wannan ba abar kiwo ba ce. In ta harbi yaro asibiti za a nufa nan take, ba tsaga ba, ba tsotsa ba. Kai ma ɗan'uwa sa wa murfin akwatin nauyi, duwu yana da ƙarfin ture murfi.

Ɗan Tudun Wada:
'Yan uwa na dawo, kwana goma sha biyu ke nan. Alhaji, maganarka ta tabbata! Jiya bayan isha'i na ga ta buɗe ramin ta fito bakin kasko, bayanta fari fat kamar an zuba mata dafaffiyar shinkafa. Na ƙirga goma sha ɗaya, wataƙila akwai na ƙasa. Ba su motsi sosai, sun manne mata. Da na matso sai ta ɗaga hannuwa da wutsiya, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Yanzu me zan ba su? In raba su da ita?

Alhaji na Kumasi:
Barka da arziki! Kada ka raba su, kada ka ba su komai. Da abincinsu a ciki aka haife su, yana isar su har su yi saɓar farko, wajen sati biyu zuwa uku, sannan su fara sauka. Ita uwar ka kashe gyare ka ajiye mata a bakin rami da dare, in ba ta ci ba ka ɗauke da safe. In sun sauka za ka ga tana yayyaga ƙwaro suna ci tare. Murfin ruwan nan ka zuba masa tsakuwa don kada ƙanana su nutse.

Maman Ihsan:
Ɗaya ta hana Hajiya shiga ɗaki, yanzu sun zama sha biyu. Ƙanena, ka faɗa mata ne ko ni zan kira ta?

Ɗan Tudun Wada:
Yaya don Allah ki bari sai sun sauka daga bayan uwar tukuna.