Mene ne ya raba wasan haɗin gwiwa da wasan MMO?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana a wannan zaure su warware mini wani abu da ya shige mini duhu. Ni da ƙanena mun taso muna buga wasan bidiyo na Contra a gaban talabijin ɗaya, kowa da na'urarsa a hannu, muna kare juna har mu kai ƙarshen mataki. Yanzu karatu ya kai shi wani gari, kuma muna so mu ci gaba da wasa tare ta intanet. Da na shiga bincike sai na tarar an raba wasannin gida biyu, akwai na haɗin gwiwa, akwai kuma waɗanda ake kira MMO, wato wasannin intanet da dubban mutane ke shiga a lokaci ɗaya, alhali a duka biyun mutane ne ke haɗuwa su fuskanci abokin gaba ɗaya. Shin yawan 'yan wasa ne kaɗai bambancin? Kuma wanne ya fi dacewa da mutum biyu da ba su da sarari sai awa uku a mako?

Sadaukin Gem:
Wa alaikumus salam, Malam. Yawan mutane yana cikin lissafi, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Wasan haɗin gwiwa kamar aikin gayya yake: kai ne ka kira mutanen da ka sani, kun san gonar da za ku nome, kuma da kun kai kunyar ƙarshe kowa ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida. Left 4 Dead, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2008, mutum huɗu ne ke ratsa gari tare har su isa mafaka, kuma idan kuka kashe na'ura komai ya tsaya cak sai ranar da kuka dawo.

MMO kuwa kasuwa ce, wadda take ci ko ka zo ko ba ka zo ba. Duniyar wasan tana zaune ne a kan manyan kwamfutocin kamfani da ba sa barci, dubban mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna saye da sayarwa a cikinta, suna kafa ƙungiyoyi, farashin kaya yana hawa yana sauka kana can kana barci. World of Warcraft, wanda Blizzard ya buɗe a 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata-wata miliyan 12 a 2010. A wasan EVE Online na kamfanin CCP da ke ƙasar Aislan, an gwabza wani yaƙi a Janairun 2014 da ya ɗauki kusan awa 21, mutum fiye da dubu bakwai suka shiga, kuma jiragen sararin samaniyar da aka tarwatsa a cikin wasan ba su dawo wa masu su ba, duk da cewa wasu sun shafe watanni suna tara abin ƙera su. Irin wannan hasara ba ta samuwa a wasan haɗin gwiwa, inda idan kun faɗi sai ku sake matakin daga inda kuka tsaya.

Maman Walid:
Malam Ɗan Fagge, tunda ka ce ku biyu ne kuma lokacinku kaɗan ne, shawarata ita ce ka nemi It Takes Two, wanda kamfanin Hazelight na ƙasar Suwidin ya fitar a 2021. Ni da ƙanwata muka buga shi daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya fi burge ni shi ne mutum ɗaya ba ya iya buga shi ko da ya so. A wani mataki na farko-farko, ɗaya yana riƙe da kan guduma, ɗayan kuma da ƙusoshi. Sai mai ƙusa ya cilla ta ta kafe a jikin katako, sannan mai guduma ya samu abin da zai maƙale ya tsallake rami. Idan ƙanwata ta yi jinkirin cilla ƙusar da ƙiftawar ido, ni ce zan faɗa, don haka dole bakinmu ya zo ɗaya kafin kowane tsalle. Wani sauƙin kuma shi ne mutum ɗaya ne zai saya, ɗayan ya shigo da gayyatarsa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Abu Hanif:
Na yarda da misalin gayya da kasuwa, sai dai ina so in ƙara cewa a cikin kasuwar ma ana yin gayya, kuma ina jin wannan ne ya rikita mai tambaya. A World of Warcraft ana shiga kogon dodanni mutum biyar-biyar: ɗaya ya tsaya a gaba yana shan duka, ɗaya yana warkar da waɗanda suka ji rauni, uku suna kai hari. A shekarun farko na wasan har mutum 40 ake tarawa domin manyan hare-hare, abin da ke buƙatar a sa rana da lokaci, wanda ya makara kuma ya ɓata wa mutum 39 shiri. Mai awa uku a mako zai sha wahalar riƙe irin wannan alkawari, balle idan wuta ko sabis na yawan yankewa a tsakiyar faɗa.

Haka nan, kada a ɗauki PUBG a matsayin MMO saboda mutum 100 na sauka a tsibiri ɗaya, domin da an gama zagayen tsibirin ya shafe, sai a sake sabon lale. Sannan a tuna cewa ran MMO yana hannun kamfani: lokacin da aka rufe wasan MMO mai suna City of Heroes a 2012, mutanen da suka shekara takwas suna gina jarumansu sun wayi gari ba su da ƙofar shiga, alhali kaset ɗin Contra da kuka taso da shi zai tashi yau idan na'urar tana da lafiya.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka muku da alheri, yanzu na gane inda aka rabu. Na kira ƙanena mun tsayar da daren Asabar, kuma za mu fara da wanda Maman Walid ta ambata.