Da gaske ana iya tsiro da muƙamuƙi a cikin tsoka?

Sani, Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. An cire wa Kawunmu rabin muƙamuƙi saboda sankara, shekara talatin yana sa tumbak (garin taba da ake cusawa a baki). Likita ya ce a yanko ƙashin ƙafarsa a gyara wajen. Ni na ce a dakata, domin yanzu akwai sinadarin da ke sa ƙashi ya tsiro cikin tsoka. Don me za a taɓa lafiyayyar ƙafa?

Hajiya Rabi, Kasala: Ɗana, tsoka ta haifi ƙashi? Wannan zancen kanzon kurege ne.

Dakta Bashir, Bor Sudan: Hajiya, an yi shi. Sunan sinadarin BMP, tun 1965 wani likita Ba'amurke, Marshall Urist, ya ga ƙashi na tsirowa a tsokar dabba. A 2004 likitocin Kiel a Jamus suka ƙera ragar ƙarfen titaniyam daidai haɓar wani mutum, suka cika ta da ma'adinin ƙashi da ɓargonsa da BMP-7 (wani nau'in sinadarin), suka binne a tsokar bayansa mako 7. Tsokar ce ta ba sabon ƙashin jijiyoyin jini, sannan suka ɗauko shi da jijiyoyinsa suka dasa a fuska. Mutumin ya koma taunar abinci.

Sani: To kun ji! Shi nake nufi.

Dakta Bashir: Tsaya mana ƙanena, ban gama ba. Daga baya ragar ta tsage, ƙwayoyin cuta suka shiga. Kuma ba a son sa BMP kusa da inda aka cire sankara, don ana tsoron ya taso da abin da ya kwanta.

Malam Isa, Maiurno: Amma Dakta, tsoho in an cire masa ƙashin ƙafa, da me zai je gona?

Dakta Bashir: Siririn ƙashin ƙwauri ake ɗauka, Malam, babban ne ke ɗauke da nauyin jiki. Tun 1989 ake wannan aiki a muƙamuƙi, har haƙora ake dasawa a kai. Ana ɗan ɗingishi da fari, yawanci ya wuce.

Sani: Ni dai har yanzu ina ganin ba a yi mana shi ne don ba mu da kuɗi.

Hajiya Rabi: Ko masu kuɗin ai ƙafar ake yanko musu, ko ba haka ba Dakta?

Dakta Bashir: Haka ne Hajiya. Sani, ka turo min hoton muƙamuƙin da aka ɗauka a asibiti a gefe, kuma ka tambayo ko an gasa masa sankarar da na'ura.